Abin da Tsoho Ya Zauna a Kai

Shekara biyar ke nan da rasuwar kakana Isufu, wanda mutanen Filinge suka fi sani da Isufu Labo, ni kuwa ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Tsoho. An ce in rubuta abin tunawa da shi, aka kuma ja mini kunne in rubuta da natsuwa. Wanda ya ja kunnen bai san ni ba. Tsoho da kansa Rediyo yake ce mini, wai tun ranar sunana ake neman maɓallin kashe ni ba a samu ba. Sunana na yanka Rakiya, shekarata sha shida, kuma zan yi iya ƙoƙarina. Sai dai ku sani tun yanzu, ina wannan rubutu ne a zaune bisa wani dakali na tsakar gidanmu, wanda ban isa in tashi daga kansa ba sai an zo an karɓe ni. Ƙafata ta dama ta riga ta mutu, ta hagu tana jinya. Dalilin wannan zama shi ne duk labarin.

Tsoho ya yi aikinsa a can arewa, inda ake haƙar uraniyom. Shi ba ya shiga rami. A ɗakin gwaje-gwaje yake, wanda yake kira labo, yana auna ruwa da ƙasa. Da ya aje aiki ya dawo gida da akwati ɗaya, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, da wata 'yar na'ura mai kukan gyare idan aka kai ta kusa da abin da bai dace ba. Ya kuma dawo da ciwon laka. Tsofaffin unguwarmu kowa da abin da ya kama shi, wani shayi, wani dara, wani zancen siyasa. Namu laka. Ya taɓa tsayar da motar Baleyara cike da fasinja da awaki, wai ya hango wata ƙasa a bakin hanya yana so ya taɓa. Da idona na ga ya gaida kududdufi kafin ya gaida mai unguwa. Idan ya murza laka tsakanin yatsunsa ya lumshe ido, kakata Iya Hajo sai ta ce, "Ga shi nan, ya tahi wurin danginshi."

Tun kafin ya dawo, wani direba ɗan'uwanmu ya kawo wa Iya tsarabar rabin gangar ƙarfe da ya saya wurin masu tsofaffin ƙarafa a can arewa. Ganga ce mai kauri, irin wadda tsatsa ke jin tsoro. Iya ta mai da ita abin shayar da awaki. Ina da shekara takwas ranar da Tsoho ya tsaya a kanta, ya duƙa, ya ƙura wa wani ɓawo rawaya da ya manne a cikinta ido. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gyarensa. Kafin ma ya kai shi bakin gangar, gyaren ya fara kuka kamar an taka masa wutsiya. Na sha ganin Tsoho ya yi fushi, na sha ganinsa ya yi dariya har haƙorinsa na roba ya zame, amma ranar ce kaɗai na ga fuskarsa ta zama babu komai a kanta.

Washegari amalanke ya fara sauke laka a ƙofar gidanmu. Ba kowace laka ba, baƙar nan ta fadama, mai tsagewa da rani kamar diddigen manomi, mai kumbura da damina har ta ƙwace wa mutum takalmi. Ya sa aka haƙa rami a kusurwar da ke nesa da ɗakuna, wanda ya shanye tsayin babana har da hularsa. Ya daɓe gindin da laka, ya daɓe gefuna, ya sa gangar tare da ƙasar da ta daɗe a kai, ya rufe da wata lakar, aka yi ta kirɓawa har maƙwabta suka leƙo ko biki ake yi. Sannan ya gina dakali a kai. Ya ɗora gyaren bisa dakalin, gyaren ya yi shiru. Ya ce wannan na ɗan lokaci ne, kafin ya samo waɗanda aikinsu ne su zo su ɗauke. Daga nan ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, kuma in ban da masallaci da barci, ban san ya sake tashi ba.

Ya tara gida ya yi bayani, kada a ce bai yi ba. Ina nan, ina tsakiyar taron, don ba a taro a gidanmu ba da ni ba. Ya ce abin da ke ƙarƙashin nan ba a ganinsa da ido, ba shi da wari, amma in ya shiga cikin mutum yana cinsa a hankali. Ya ce yana shekara dubbai bai mutu ba. Ya ce zama a kai ba komai, sha ne masifa. Kada a tona, kada a zuba ruwa a gindin, ballantana ruwan kanwa ko na toka.

Iya Hajo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To Malam, ka ce aljani mana. Mi ya kawo dogon zance?"

Tsoho ya cire tabarau. Ya fara da Hausa, ya zame cikin Faransanci, ya dawo Hausa ya tarar kowa yana gyaɗa kai yana neman tsari. Ku ma ku duba: ba a ganinsa, yana zaune ƙarƙashin ƙasa, ba ya mutuwa, ba ya son a zuba masa ruwa. A ƙasarmu ta Kurfai duka, wa za ka faɗa wa haka ya kawo wani abu a ransa? Tsoho ya ga dai doka ta zauna, babu mai kusantar wurin da ko ruwan alwala. Ya kuma san in zancen ya fita da sunansa na gaskiya, babu mai sake cin tuwon gidanmu. Sai ya mai da tabaransa ya bar su da aljaninsu.

Ni ce ban bar shi ba. Na bi shi da tambaya kamar ƙuda a kan mangwaro, har wata rana da Iya ta tafi barka ya ce, "Rediyo, je ki sato muna zoɓon kakarki." Ban taɓa samun aike mai daɗin wannan ba. Ya ɗauko kwalba biyu, ya zuba rairayi a ɗaya, ya zuba garin baƙar lakar nan a ɗaya, ya tsiyaya zoɓo a kowace, ya ce in girgiza har hannuna ya gaji. Muka aje su a inuwa. Kafin la'asar, ta rairayi tana nan jawur yadda take. Ta laka kuwa ruwanta ya koɗe, jan ya sauka ya shige cikin lakar da ta kwanta a gindi.

Na ce, "Tsoho, ashe boka ne kai, kana ɓoye muna."

Ya ce, "Bokan gidanku. Zauna ki ji."

Ya ce laka ba dunƙule ba ce yadda nake ganinta. Da idona ya kai, da na ga faya-fayai ne sirara, wani bisa wani, kamar yadda Iya ke jera nata a kan randa. Fuskar kowane faifai tana da ja, irin jan da biro ke yi wa guntun takarda in ka goga shi a gashi. Su kuma miyagun nan masu kuka a cikin gyare, in sun narke a ruwa, suna ɗauke da kishiyar wannan jan, don haka suna zuwa sai su manne. Wani a fuska, wani a baki-baki, wani ya kutsa tsakanin faifai biyu su rufe da shi. Ya ambaci wani wai shi seziyom, wanda na daɗe ina zaton sunan direba ne. Ya ce bayan haka lakar tana kumbura in ta sha ruwa, ta toshe duk wata kafa, ruwan da zai ratsa rairayi kafin a gama sallama sai ya tsufa bai ratsa ta ba. Shi ya sa, in ji shi, ƙasashen da ke samun wutar lantarki da uraniyom suke neman laka su naɗe sharar da ita can ƙarƙashin ƙasa.

"To ai shi ke nan, ta kashe shi," na ce.

"Ba ta kashe shi. Riƙo kawai take yi. Kawo kanwa."

Ya jefa guntun kanwa a kwalbar laka, ya girgiza. Ruwan da ya koɗe ya rine, ya yi wani duhu mai kore-kore kamar miyar da ta kwana biyu. Ya ɗaga kwalbar saitin hancina ya ce, "Ta saki." Ya ce zoɓo ba uraniyom ba ne, misali ne, amma halin ɗaya: kanwa takan naɗe uraniyom ta yi masa riga, lakar ta daina gane shi, ya bi ruwa ya yi gaba. Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Gaskiyar magana hankalina yana kan sauran zoɓon da ke cikin kwano, da yadda zan shanye kafin Iya ta dawo.

Ya kwanta ne bayan girbi, bai daɗe ba ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Waɗanda yake cewa zai samo su ɗauke gangar, bai kai ga samo su ba. Aka naɗe buzun, dakalin ya zauna babu kowa. Ba a hana kowa hawa ba, amma ko kaji kewaye shi suke yi.

Shekarar da ta biyo, ƙanwar babana, Gwaggo Zali, ta dawo gida daga Tondikandiya bayan mijinta ya rasu, da ɗanta ƙarami Sani, da sana'arta ta kopto. Ga wanda bai sani ba, ganye ne ake dafawa da kanwa, a tsane ruwan, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Kopton Gwaggo kuwa, in an buɗe roba a bakin tasha, direban da ya riga ya tada mota sai ya kashe. Ta duba gidan ta ga babu inuwa mai kyau kamar ta itacen bedin da ke kusa da dakalin, ta kafa murhunta a nan. An faɗa mata doka, ba a ɓoye mata ba, amma a yadda dokar ta rage a gidan: akwai mutanen ɓoye a gindin dakalin Tsoho, ba su son ruwa.

Gwaggo Zali mace ce mai tarbiyya. Ta san yadda ake zama da irin waɗannan maƙwabta, kamar yadda kowace mace a garin nan ta sani. Ba a watsa musu ruwan zafi, ba a zubawa ba da sallama ba. Saboda haka kullum in ta tsane ganye, sai ta bar ruwan kanwar ya huce sarai, ta ɗauka da hannu biyu, ta je gindin dakalin ta ce, "Bismillahi, ku kau da ɗiyanku," ta tsiyaya a hankali cikin ladabi. Babu aljanin da zai yi ƙararta. Da sauran gida suka ga ta yi ta yi ba abin da ya same ta, sai kowa ya bi: ruwan wanki, ruwan toka, ɗaurayar tukunya, duk da bisimilla. Ni ma ina wucewa ina gani, shekara da shekaru, ban taɓa haɗa tukunyar Gwaggo da kwalbar Tsoho ba. A kaina ɗaya abinci ce, ɗaya wasa.

Nakan tambayi kaina me Tsoho zai ce da ya leƙo yau. Yanzu babu fadar samarin da za ka wuce ba ka ji ana zancen uraniyom ba. Kowa da waya a hannu, kowa ya zama masani, wanda bai taɓa wuce Baleyara ba yana faɗa maka abin da ke cikin duwatsun arewa da wanda ya kamata ya saya. Ina jin da ya ji daɗi, don ya daɗe yana cewa mutane ba su tambaya. Ina kuma jin da ya tsaya a kansu da sandarsa ya ce, to in an gama ɗiba, sauran fa, ina za a aje shi, wa zai zauna a kai? Wannan tambayar ban taɓa jin ta a fada ba. Ba ta da daɗin shayi. Amma kafin ya kai ga samarin, na tabbata da ya shigo gida ya ga Gwaggo tana yi wa gangarsa wanka da kanwa cikin girmamawa, da haƙorin roban nan ya sake zamewa, wannan karon ba don dariya ba.

A bana ne, a lakwal, wato makaranta, malaminmu na kimiyya, wanda muke ce wa Mushe, yana koya mana yadda ƙwayoyin da suka narke a ruwa suke da ja iri biyu, wannan yana jan wancan. Rabin ajin na barci, ni ina zana hancinsa a bayan littafi. Sai ya ce a cikin zance, wai shi ya sa ake binne sharar nukiliya cikin laka. Biron ya faɗi daga hannuna. Na ɗaga hannu, abin da ban taɓa yi ba sai in zan fita, na ce, "Mushe, in aka zuba kanwa fa?" Ya dube ni ya ga ko tsokana ce. Ya ce in uraniyom ne, kanwa tana cikin abubuwan da ke rage wa laka riƙo, ta sa shi ya bi ruwa. Ya tambaye ni inda na samo wannan. Ban tsaya ba shi amsa ba. Ana tashi na zuba da gudu, har na bar takalmi ɗaya a ƙofar lakwal, yana can yana karatu a madadina.

Na durƙusa a gindin dakalin. Ƙasar wurin ta yi fari-fari da ɓawon kanwa. Ga wata tsaga ta taso daga ƙasa, wadda yatsana ke shiga. Na ɗaga kai, ga rijiyarmu can a ɗaya gefen tsakar gida. Duk wanda ya san dallol, kwarin da garinmu ke ciki, ya san ruwanmu ba ya nisa, guga ba ta wahala a nan. Daga wannan rijiyar muke sha, da ita ake dama furar Iya, da ita ake yi wa Sani kunu. Sani kuwa a lokacin yana tsaye bakin randa da moɗa a baki, ruwa na bin haɓarsa.

Na fizge moɗar, ya fasa ihu, ni ma na fasa nawa. Na ce guba na tafiya rijiya, kanwa ta kwance wa uraniyom mari, kowa ya aje abin da ke hannunsa.

Babu wanda ya aje komai. Babana Hamidu, wanda tela ne, ko ƙafarsa bai ɗaga daga keke ba. A gidanmu ni ce na taɓa ganin kunama mai girman tunkiya, ni ce na ba da labarin ruwan saman da ya tafi da jaki har da mai jakin yana kai yana cin goro. In na ce gobara, sai an gama cin abinci ake leƙawa.

"Rakiya," in ji Baba, "jiya mi kika ce ya bi ki daga kasuwa?"

"Baba, wannan daban ne."

"Na jiya ma haka kika ce."

Gwaggo kuwa ranta ne ya ɓaci. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, tun da na zo gidan ga ban taɓa zuba ruwa wurin nan ban yi bisimilla ba. Ko sau ɗaya. Ki tambayi kowa."

"Gwaggo, abin nan ba ya jin bisimilla."

"A'uzubillahi! Kahiri ne?"

"Ba aljani ba ne, Gwaggo, ƙarfe ne!"

"To ƙarfe mi ya haɗa shi da ruwan koptona? Yaya, ka ji ɗiyarka ko? Ta tashi daga kunama ta dawo kan abincina."

Kwana biyun da suka biyo ban zauna wuri ɗaya ba. Na daina shan ruwan gida, ina zuwa maƙwabta kamar mai yawon gaisuwa. Na zazzage akwatin Tsoho na samo gyaren, amma ya mutu tuni, tsatsa ta cinye cikinsa. Duk lokacin da na ji Gwaggo ta ce ku kau da ɗiyanku, sai in ruga in leƙa rijiya. Kuma abin da ya fi cina, ban san komai tabbas ba. Wataƙila lakar Tsoho tana riƙe da abinta gam, kaurinta ba na wasa ba ne. Wataƙila ta fara gajiya. Babu ido, babu hanci, babu harshen da zai faɗa mini.

Rana ta uku na daina surutu, abin da ya sa Iya ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Na ce mata zoɓonta nake so. Na hau keken yayana na je fadama na ɗebo baƙar laka, na shanya, na daka. Da hantsi na aje kwalba biyu a gaban tabarmarta, na yi yadda ya yi, har da yadda yake karkata kai in yana tsiyayawa. Ban yi bayanin faya-fayai ba sai da ta tambaya. Muka jira. Da ruwan ya koɗe ta ce, "Ikon Allah." Na je murhun Gwaggo na ɗebo ruwan da ta aje ya huce, na ce, "Iya, ke za ki zuba. Ki yi bisimilla."

Ta harare ni, amma ta yi. Ta zuba, na girgiza, ruwan ya rine a hannuna.

Iya ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta juya ta kalli dakalin, ta kalli rijiyar. Ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Ashe abin da kake ta hwaɗi ke nan da Faransancinka." Sannan ta ɗaga murya, irin ɗagawar da ke sa keken ɗinki ya tsaya da kansa. "Hamidu! Zali! Ku taho nan."

Ta sa na sake yi a gabansu. Gwaggo ta zauna a ƙasa ta riƙe kai, tana cewa ita da hannunta, ita da ladabinta. Iya ta ce mata ta bar kuka, laihin na wanda ya san sunan abu ya bari aka sa mashi wani ne, da na wadda ta sa sunan, kuma ɗaya ya riga ya tahi, ɗayar ga ta nan zaune. A ranar aka mai da murhun kopto can bayan rumbu. Aka ɗora faifai da dutse a bakin rijiya, muka koma ɗebo na sha a famfon unguwa. Ni da Gwaggo muka kankare ɓawon kanwar, muka cike tsagar da baƙar laka, muka sake yaɓe dakalin tun daga gindi. Baba ya aje ɗinkin mutane ya hau motar Yamai ya nemo inda ake kai irin wannan magana. Sun saurare shi, sun ce za su zo da abin awo su duba rijiyar da ramin. Muna jiransu. Duk motar da ta tsaya a bakin titinmu sai na leƙa.

Baba ya ce tunda kowa ya ji, sai a kafa doka kawai. Iya ta ce, "Maganar baki mun gwada ta, ga inda ta kai mu. Hannu ya saba da wurin nan, gobe wani zai zuba bai ma sani ba. Shi zama ya yi. Mu ma zama za mu yi." Ta sa aka ɗauko buzun da aka naɗe shekara biyar, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa, ta hau dakalin da ko yana da rai ba ta taɓa hawa ba. Tun daga ranar, muddin akwai rana a sama ana aikin ruwa a gidan, akwai mutum a kai. Iya ce da safe. In ta shiga ƙailula, ko ƙafafunta sun dame ta, sai wadda ta tono zancen. Haka aka yi yarinyar da ba ta taɓa gama cin tuwo a zaune ba ta gaji kujerar mutumin da ya fi kowa zama a Filinge. Na san yana can yana mini dariya.

Da aka ce in auna abin da ya rage na Tsoho, na duba na ga ba shi da yawa. Gyarensa ya mutu. Tabaransa Sani ya karya. Takardunsa gara ta karanta su kafin mu. Abin da ya yi da hannunsa, wato lakar nan, ina fatan tana can ƙarƙashina tana riƙe da abin da aka ba ta, ba ta barci, ba ta zuwa biki, ba ta neman a gode mata. Ita ba ta manta aikinta ba. Mu ne muka manta, kuma ba a ɗauki dogon lokaci ba, shekara ɗaya tak bayan an naɗe buzu. Shi kuwa abin da ke cikin ramin, Tsoho ya ce yana shekara dubbai. Nakan tuna waɗancan ƙasashe masu manyan ramuka da shara mai yawa, in ce su wa za su zaunar a kai, kuma da wane suna jikokinsu za su san abin?

Ni dai abin da na gada ban da zama shi ne baki. Na riga na yi wa Sani wasan kwalba har ya haddace, na yi wa 'yan ajinmu, na yi wa mai kawo mana gawayi da bai tambaye ni ba. Iya ta fara ɓoye zoɓonta a ƙarƙashin gado. Yanzu ga shi na faɗa muku, da sunansa na gaskiya, ko da za a rage cin tuwon gidanmu. Tsoho ya ce an rasa maɓallin kashe ni. Allah ya sa kada a samu.

Iya ba ta fito ba har yanzu, ƙafata ta hagu ma ta bi 'yar'uwarta. Ga kuma wata baƙuwa da ta zo sayen kopto, ta gama wanke hannu, ta ɗauko kwanon ta nufo nan da shi, leɓɓanta har sun fara motsi da bisimilla. Ku yi mini haƙuri. Ina da aiki.